Kada a Rushe Soron Gyaɗa Kafin a Saurari Ɗiyata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Unguwarmu, Ƙauran Namoda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, da iyalinka, da sauran 'yan kwamiti manya da ƙanana, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, amin.

Ranka ya daɗe, ni ne Ummaru Mai'awo, haifaffen Birnin Tsaba, mazaunin unguwar nan tun jirgin ƙasa yana shigowa garin nan a kai a kai, kuma shugaban ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na manya. Ina so ka sani tun da fari cewa da hannuna na rubuta wannan takarda, babu wanda ya riƙe mini alƙalami. Na zaɓi in sa ta a fili, inda kowa zai karanta, domin na zo ƙofar gidanka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kullum sai a ce mini ka fita, ko kana hutawa, ko kana da baƙi. Ni kuwa maganar da ke bakina ba ta jira, don kullum na ɗaga kai na dubi gabas sai in ga hadari yana ƙara haɗuwa.

Maganata a kan Soron Gyaɗa ce, wanda kwamitinka ya yanke shawarar rushewa domin a gina shaguna na bulo a filinsa.

Na farko. Ina tunatar da kai abin da soron nan yake, ko da yake ka girme ni a unguwa. Wani attajiri ne ya gina shi da tubalin ƙasa da azara, zamanin da ake tara gyaɗa ana loda wa jirgi, kuma kafin ya rasu ya bar shi wakafi ga jama'ar unguwa. Kaurin bangonsa ya kai mutum ya miƙe hannu bai taɓo ƙarshensa ba. Da bazara, lokacin da ɗakin kwano yake zama kamar tanderu, a cikinsa sanyi ake ji. A nan aka buɗe mana aji. A nan ni, mutumin da ya yi furfura yana dangwala yatsa a tawada, na fara rubuta sunana a kan allo, abokan karatuna suna kallo, kuma ni ne na fara iyawa a cikinsu. Ba don alfahari na faɗi haka ba, sai don a san wanda ke magana ba ɗan kallo ba ne.

Na biyu, kuma nan ne tushen ɓarnar. Tun tasowarmu, duk shekara kafin ruwa ya sauka ana kiran gayya a yi wa soron nan yaɓe. Matasa su kwaɓa ƙasa, magina su hau, mata su aiko da fura, kafin la'asar an gama. Shekarar da ta wuce waccan kwamitinka ya ce wannan aikin ƙauye ne, ya tara taimako daga jama'a, aka sayo siminti aka shafe bangon da shi gaba ɗaya, wai an huta da yaɓe har abada.

A lokacin ɗiyata tana jami'a. Ita ce ta fari a gidana, saboda haka ba zan kama sunanta ba, kowa a unguwa ya san ta. Da na ba ta labari ta waya cewa an yi wa soro sabuwar riga, sai na ji muryarta ta canza. Ta ce mini bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin komai ya fita. Duk ruwan da ya sami kafa ya shiga bayansa, a nan zai kwana yana cin ƙasar daga ciki, har ranar da simintin zai saki ya faɗo. Washegari na kawo wannan saƙo gare ka a ƙofar masallaci bayan sallar azahar. Ka yi murmushi ka ce, "Malam Ummaru, ka gaida ɗalibar, ka ce mun gode." Daga nan ba a sake tada maganar ba.

Daminar bara abin da ta faɗa ya tabbata. Simintin bangon gabas, inda ruwa yake bugu, ya kumbura ya ɓallo faifai-faifai, ya ɗebo fuskar ƙasar tare da shi. Maimakon a ce simintin ne bai dace ba, sai aka ce soron ne ya tsufa. Aka sa masa kwaɗo, aka ce hatsari ne. Mu kuma 'yan aji aka mai da mu barandar makarantar firamare, inda yara suke leƙo mu suna dariyar dattawa da littafi a cinya. Mutum nawa ne suka daina zuwa saboda wannan kunya, malaminmu ya sani.

Na uku. Wannan shi ne wanda ya fi ci mini rai, kuma ina roƙo ka karanta shi da natsuwa.

Karatun da ɗiyata take yi, karatun tsara cikin gini ne da sake rayar da tsofaffin gine-gine. Na zauna da ita ta yi mini bayani har na gane, kuma yanzu zan iya yi wa kowa bayani. Ana koya musu su shiga gini su auna shi, su san wane bango ne yake ɗauke da rufi, wane ne ba ya ɗauke da komai, ta ina iska take shiga, ta ina haske yake faɗowa, ina ruwa yake kwanciya. Sannan su tsara yadda ginin da aka yi don wani aiki zai koma yin wani aikin, ba tare da an tumɓuke shi an zubar da ƙasarsa da itacensa a banza ba. Ta ce gina sabo yana cin siminti da ƙarfe da man mota, alhali wanda yake tsaye ya riga ya biya kuɗin kansa tun zamanin kakanni. Ni ban yi mamakin wannan ba, domin Bahaushe ya daɗe da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Mamakina shi ne har jami'a ta gane haka, unguwarmu ba ta gane ba.

Yanzu tana shekarar ƙarshe, kuma kowane ɗalibi dole ya zaɓi gini ɗaya ya yi aikin kammala karatunsa a kai. Abokanta sun zaɓi manyan benaye a birane. Ita ta ce Soron Gyaɗa na unguwarsu take so, malaminta ya amince, aka rubuta. Da hutun da ya wuce ta biyo hanyar nan, yadda hanya take a yanzu ba sai na faɗa maka ba, ta zo da zanen farko da ta yi ba tare da ta shiga soron ba. Na gani da idona. Ta bar ginshiƙai biyu da ke cikin soron yadda suke. Ta raba cikin da tsofaffin ƙyamaren katako da ke jingine a lungu, gefe ɗaya aji, gefe ɗaya wurin ɗinki na mata, musamman waɗanda suka baro ƙauyukan Zurmi suka zauna tare da mu ba su da sana'a. Ta buɗe ƙananan tagogi can sama ta arewa, don haske ya shigo rana ba ta shigo ba. Har rumfunan kasuwanci ta jera a jikin bangon yamma daga waje, domin ta san kwamiti yana son abin da zai riƙa kawo kuɗin shiga.

Na nemi izini, na kawo ta zaman kwamiti. Ta durƙusa ta gaida kowa, ta fara buɗe takardunta. Ba ta kai ga shimfiɗa ta biyu ba, sai sakatarenka ya tambaye ni sunan karatun nata. Da na faɗa, sai ya ce, "Malam Ummaru, ashe har jami'a ake zuwa koyon jere? To ai gwaggwanninmu sun daɗe da digiri." Aka fashe da dariya. Wani ya ƙara da cewa in za a kai ɗiyarsa ɗaki zai aiko a kira ta, ta jera masa kwalla da labule. Kai ba ka yi dariya ba, wannan na shaida, amma ba ka tsawatar ba, sai ka ce lokaci ya ƙure, a tashi. Ta naɗe takardunta muka fito. A hanya ni nake ta faɗa, ita take ba ni haƙuri.

Ranka ya daɗe, ban raina jere ba, sana'ar iyayenmu mata ce. Amma wadda aka koya wa sanin nauyin rufi a kan bango ba ’yar jere ba ce. Da ɗa namiji ne ya dawo da kwalkwali a ka yana cewa shi injiniya ne, da an ba shi kujera, ko da abin da zai faɗa bai kai nata ba. An ji kalmar tsara cikin gini, sai aka yanke hukunci ba a ji sauran ba.

Na huɗu. Aikinta ba zai karɓu ba sai ta shiga ciki ta auna, ta ɗauki hoto, kuma malaminta ya ce zai zo da kansa ya duba kafin ƙarshen zango. Makulli yana hannun sakatarenka, ya ce sai da izininka. Idan aka rushe soron nan kafin nan, aikin shekara guda ya bi ruwa, sai ta koma ta nemi wani gini ta fara daga farko, abokanta su fita su bar ta. Ni da na yi shekaru ina bin motar kasuwar Shinkafi da buhunan gero domin ta kai inda ta kai, na san abin da ƙarin shekara yake nufi a gidana. Kwanakin nan ko kwano na ɗauka zan auna wa mutum hatsi, sai in manta na nawa nake, hankalina yana kan wannan kwaɗo.

Na biyar, wanda ya sa na kasa ƙara jira. Jiya na zaga bayan soron, na tarar masu shafen siminti sun rage bakin indararo biyu na gabas, tsuntsaye kuma sun cika sauran da sheƙa. Soro ba ya tsoron ruwan da ya wuce, wanda ya kwanta a kansa yake tsoro. In ruwan farko ya sauka da ƙarfi a haka, zai taru a rufi ya jiƙa azara, kuma ba sai kun ɗauko katafila ba. Sai a ce ga shi nan, dama mun faɗa. Ni kuwa ba zan yarda a kira wannan ƙaddara ba, tunda an gani an yi shiru.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka, cikin ladabi.

A ba da makulli ɗiyata ta shiga ta yi awonta, tare da wakilin kwamiti in ana tsoron wani abu. A dakatar da maganar rushewa har malaminta ya zo ya duba. Idan shi da ya san aikin ya ce soron ya mutu, ni Ummaru zan yi shiru, ba za ka sake jin bakina ba. A sake kiran zama a bar ta ta shimfiɗa takardunta har ta ƙarshe, kuma wanda yake da wasa ya riƙe shi sai an tashi. Sannan a ba mu izini mu ɓamɓare sauran simintin gabas mu kira gayyar yaɓe kamar da. Na riga na yi magana da magina biyu da 'yan ajinmu, ba mu nemi ko sisin kwamiti ba.

Amma maganar indararo ba ta cikin abin da zan jira amsa a kai. Ina sanar da kai, da duk wanda ya karanta wannan takarda, cewa ranar Asabar da hantsi, in Allah Ya kai mu, ni da dattawan ajinmu za mu kafa tsani daga waje mu hau mu buɗe su. Ba za mu taɓa kwaɗonku ba, ba za mu shiga ciki ba. Na faɗa tun yanzu ne don kada wani ya ce an ga Ummaru a kan soron jama'a kamar ɓarawo. In kana ganin laifi ne, ka zo ka same ni a can ka faɗa mini da bakinka, sai in sauko mu yi maganar da na daɗe ina nema. In kuwa ka ga dacewarsa, ka zo da makullin a aljihu.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya ba ka ikon yin adalci a kan abin da aka damƙa maka, Ya sa ka gama da jama'a lafiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kuma jinkirta mana ruwan nan zuwa bayan Asabar.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ummaru Mai'awo,
Shugaban Ɗaliban Ajin Yaƙi da Jahilci na Manya.