Rijiyar Da Mama Ta Toshe Da Siminti

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Rijiyar burtsatse ta tara ke nan da muka je aunawa, a unguwar Makera. Aikin banza. Mun roƙi mai gidan ya kashe famfo kwana biyu don ruwan ya natsu, ya ce to, muna juya baya ya kunna abinsa. Malam Bello, shugaban tawagarmu, ya ce taswirar ɗumin ƙarƙashin ƙasa da muke haɗawa ba za ta yi daraja ba sai mun sami rijiya mai zurfi da aka daɗe ba a ja ruwanta ba. "Charity, ke 'yar Narayi ce, ba ki san ko ɗaya ba?" Na ce a'a. Ƙarya na yi.

Laraba, 8 ga Mayu
Rijiyar gidanmu zurfinta mita ɗari da arba'in, tana nan bayan kicin ɗinmu. Shekara shida ba wanda ya taɓa ta. Ni na ce wa ƙanena Samuel ya duba wayar famfon, ina sauri zan fita, har da tsiwa wai ba shi da amfani a gida. Ƙasa a jiƙe take ranar. Ban kai bakin titi ba aka biyo ni da ihu, wutar lantarki ta kashe shi. Bayan jana'iza Mama ta sa aka toshe bakin rijiyar.

Juma'a, 10 ga Mayu
Ina wanke-wanke da rana tsaka na ji kukan famfon. Babu famfo a ciki, ni na ga an cire shi.

Lahadi, 12 ga Mayu
Bayan coci na faɗa wa Mama muna so mu buɗe rijiyar mu auna ɗuminta. Na yi ta zuba kamar rediyo: in aka san inda ƙasa ke da ɗumi, wata rana za a iya busar da citta da shi. Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Can ta ce, "Ke da aikinki, ni da ɗana." Na ji haushi, na ji kunya, kuma tsoro ya fi su duka.

Talata, 14 ga Mayu
Na sami guduma a jingine jikin ƙofar ɗakina. Mama ce ta ajiye ta.

Asabar, 18 ga Mayu
Ni na fasa simintin da hannuna, na hana kowa taɓawa. Malam Bello na riƙe da takarda, ina sakin igiyar ma'aunin zafi mita biyar-biyar. Ina ta sauri, sai da ya ce, "A hankali, 'yata." Digiri ashirin da bakwai a sama. Da muka kai ƙasa, talatin da ɗigo shida. Ya ce bai ga lambobi masu tsabta haka ba tun da muka fara.

Ashe Mama na tsaye a bayanmu. Ta ce, "Malam, can ƙasa da ɗumi ke nan?" Ya ce ƙwarai, Mama. "Ko'ina? Har maƙabarta?" Ya dube ni, sannan ya ce ƙasa ba ta yin sanyi irin na sama, ko'ina ne. Ta gyaɗa kai. Ta ce shekara shida duk ruwan saman da aka yi sai ta ji kamar ta kai masa bargo.

Ban taɓa sani ba. Ni ina nan da nawa baƙin cikin, ban tambayi nata ba.

Litinin, 20 ga Mayu
Na ce zan sayo siminti, na manta. Murfin ƙarfe na ɗora a kai, na wucin gadi ne kawai. Yau, karon farko cikin shekara shida, Mama ta shanya zannuwanta a bayan kicin, ni na miƙa mata.