Allon da Ya Ƙi Barci Ranar Lahadi

Pangai, Ha'apai, 3 ga Satumba

Zuwa ga Kawu Heamasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Okalani, can ƙasar waje? Mama tana gaishe ka. Ita za ta ɗauki hoton wannan takarda ta tura maka ta wayarta, don an hana ni taɓa kwamfuta.

Kawu, ka san tun farkon shekara ni ke riƙe da makullin ɗakin kwamfuta na makarantarmu, kuma mai riƙe da shi ake turawa kwas na wata biyu a babban birninmu Nuku'alofa idan an yi hutun Disamba. A watan jiya Gwaggo Luseane, yayar Baba, ta kawo wa makaranta kyautar sabon allon kwamfuta. An yi biki, an gasa alade biyu, Fasto ya sa albarka. Matan coci suka liƙa masa ƙyallen ɓawon itace a gefe huɗu, da sunanta a jiki.

Lahadi biyu a jere, tsakanin sujadar safe da ta yamma, matar dikon, wato mataimakin Fasto, ta hango haske shuɗi ta tagar ɗakin. Ta ce yana kamawa yana ɗaukewa, kamar wani na aiki a ciki. Shugaban makaranta, Malam Fonua, ya kira ni a gaban malamai ya tambaye ni abin da nake yi a can a ranar Ubangiji. Na sunkuyar da kai ƙasa. Ka san halina. Sai suka ɗauki shirun a matsayin amsa.

Allah ya sani ban shiga ba. Muna barin kwamfutar a kunne tun Juma'a don ta sauko da darussa, saboda intanet ɗinmu ba sauri. Tsohon allon, bayan minti goma, yakan yi baƙi, 'yar fitilarsa ta koma ruwan lemo, shi ke nan sai Litinin. Me zai sa wannan ya farka shi kaɗai? Gyaransu ne aikinka. Malam ya karɓe makullin, kuma ranar ashirin ga wata za a tura sunan mai zuwa kwas.

'Yarka,
Kalolaine

Okalani, 5 ga Satumba

Laine 'yar gidana,

Na gaishe ki, ki gaida Mama da babanki mai tsaron ragar kifi. Na karanta takardarki na yi dariya, daga baya raina ya ɓaci. Ke da ko kaza ba kya kora ranar Lahadi! Ita matar dikon me ya kai idonta tagar makaranta, ba waƙa ya kamata ta tafi tana bita ba?

Ki leƙa bayan allon. Tsohon yana da waya mai shuɗin kai da kusoshi biyu na murɗawa. Ina zargin sabon an haɗa shi da siririyar waya, HDMI, ta bi ta wani ɗan akwati kafin ta shiga kwamfutar. Idan kwamfuta ta ce wa allo ya kwanta, irin wannan ɗan akwati ba ya isar da saƙon daidai. Allon sai ya kwanta, ya ji motsi, ya tashi yana neman mai kiransa, ya rasa, ya sake kwanciya. Haka zai wuni, kamar tsohuwa mai jiran jirgin ruwa.

Ki roƙi Malam ya zauna da ke, kada kowa ya taɓa komai, ku duba agogo. Sannan ki sa tsohuwar wayar ki sake gwadawa. Akwai kuma maɓallai a ƙasan allon da ake hana shi wannan neman.

Amma ki taka a hankali. Ni kawu ne, ko rigar jikina kika cire ba ni da ta cewa. Ita kuwa gwaggo ce, kin san a al'adarmu yayar uba ce sama da kowa a dangi. Babanki da furfurarsa ba ya cin abinci kusa da ita.

Kawunki mai ƙaunarki,
Heamasi

Pangai, 12 ga Satumba

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa da godiya, komai ya fito yadda ka faɗa. Ɗan akwatin yana nan, baƙi, bai kai kwalin ashana biyu ba. Maɓallan kuwa suna ƙarƙashin ƙyallen da aka liƙa, daidai kan sunan Gwaggo, ban isa in ɓamɓare ba.

Sai da na yi kwana uku ina zagaya ofishin Malam kafin na iya shiga. Ranar Talata da hutun rana muka zauna, na ɗora hannuwana a kan cinya don ya gani. Minti goma allon ya yi baƙi. Bayan minti uku ya haska shuɗi, ya mutu. Bayan wasu uku ya sake. Sau biyar muka ƙirga. Na ɗauko tsohuwar wayar daga kabad, ashe sabon allon yana da ramin da take shiga. Na ɗaura, muka jira. Ya kwanta, bai motsa ba har aka buga ƙararrawa.

Na ɗauka an gama, Kawu. Har na fara murmushi. Malam ya daɗe yana goge tabaraunsa, sannan ya ce in mayar da wayar yadda na same ta. Na manta ban gaya maka ba, ranar bikin Gwaggo ce da hannunta ta soka wannan siririyar wayar, kowa yana tafi.

Ya ce, "Kalolaine, so kike in tashi a gaban kwamitin coci in ce kyautar Luseane ce ta karya Lahadi? Kyautar da Fasto ya ɗora wa hannu?"

Na ce to ni fa, Malam? Ya ce yaro yakan yi kuskure a yafe masa, ba wani abu ba ne.

A gida na yi wa Baba bayani. Bai ɗago daga ragarsa ba, ya ce in je in ba da haƙuri a wuce wurin. Na kasa. Na rubuta wa Gwaggo takarda cikin ladabi, har da zanen wayoyin biyu da jadawalin mintunan. Ina ganin idan ta fahimta, kalma ɗaya daga bakinta ta isa.

Taka,
Kalolaine

Nuku'alofa, 15 ga Satumba

Kalolaine,

Ina gaishe ki da mahaifinki. Takardarki ta iso, da zanenta.

Ni na raɗa miki wannan suna. Allon nan a kan cinyata na riƙe shi tun daga nan har Pangai, ana ta amai a jirgin, ban ajiye shi ba. Ban yi zaton 'yar ƙanena ce za ta auna shi da agogo ba. Heamasi ya tsaya a kan kusoshinsa, ba a tambayi dangin uwa ba.

Ban ce kin shiga ɗakin ba, ban ce ba ki shiga ba. Abin da na sani, yarinya ba ta zana wa gwaggonta hoto don ta nuna mata inda hannunta ya kuskure. Ranar Laraba za ki sa baƙaƙen kaya, ki ɗaura tabarmar ƙugu ta girmamawa, ki tsaya gaban kwamiti ki nemi gafara. Na riga na gaya wa Fasto za ki zo.

Allah ya ba ki kunnen ji.
Gwaggonki, Luseane

Pangai, 21 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Mama ta ce kana son kiran Malam. Don Allah kada ka kira.

Na je ranar Laraba. Na ce na yi kuskure, suka ce sun yafe, matar dikon ta rungume ni tana hawaye. Jiya aka tura sunan wata 'yar makarantarmu, Sesilia Taufa, don kwas ɗin, makullin ma yana hannunta.

Yau da safe kafin ɗalibai su iso Malam ya aiko a kira ni. Ya rufe ƙofa, ya miƙo mini tsohuwar wayar, ya ce in ɗaura ta yadda ba za a gani daga gaba ba, don jibi Lahadi ce kuma ba ya son a yi wa Sesilia sharri. Minti huɗu na yi na gama. Ya ce na iya aiki.

Ka gaida yara.

Kalolaine