Butar Shayi da Sifilin Anti

Daga: Malamin darasin gwaji na aji ɗaya, Sashen Kimiyyar Sinadaran Jikin Halitta.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Tsangayar Kimiyya.

Ta hannun: Shugaban Sashe.

Litinin, 14 ga Yuli.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SIFILIN DA AKA BA WATA ƊALIBA A JARRABAWAR GWAJI TA RANAR 9 GA YUNI

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da wannan koke. Allah ya sani ban so ya kai ga teburinka ba. Na bi duk ƙofofin da ke ƙasa da taka, gwiwoyina sun gaji da hawan bene, shi ya sa na ɗauki biro.

1. Ɗalibar da nake magana a kanta, wadda lambarta ke haɗe da wannan takarda, matar aure ce mai 'ya'ya. Ta girmi 'yan ajinta nesa ba kusa ba, don haka kowa Anti yake ce mata, har ni ma bakina ya saba. Bara ta faɗi wannan darasi saboda naƙuda ta kama ta a makon jarrabawa. Bana ta sake zama, aka ba ta sifili. Dokar tsangaya ta ce wanda ya faɗi darasin tushe sau biyu a sallame shi. An sanar da ni cewa takardar sallamarta za ta fito ranar Juma'a, 25 ga wannan wata.

2. Ranka ya daɗe, na san fanninka lissafi ne, saboda haka ka yi mini haƙuri in bayyana gwajin a taƙaice. Idan aka ɗiga aidin a ruwan sitaci, sai ya koma shuɗi mai duhu. Idan aka zuba masa wani sinadari da muke kira amilez, sai ya yi ta datse sitacin gunduwa-gunduwa har ya zama sukari, shuɗin ya ɓace. Shi amilez yana cikin dangin inzayim, wato furotin ne mai aiki, kuma aikinsa ya dogara ga yadda yake a naɗe. In naɗin ya warware, shi ke nan, kamar dafaffen ƙwai ne da ba ya komawa ɗanye. Wanda muke jiƙawa a kwalba ba ya jure zaman ɗumi na kwanaki. Wannan ne dalilin da ya sa muke da firiji.

3. Soket ɗaya tak ke aiki a wancan ɓangaren na ɗakin gwaji, kuma shi firijin ke amfani da shi. Ɗakin da ke maƙwabtaka da mu nan kwamitin jarrabawa ke zama, nasu soket ɗin kuwa ya ƙone tun ina da baƙin gashi. Al'adar da aka ɗauka ita ce a shigo a zare firiji, a jona butar shayi, in ruwa ya tafasa a mayar, in an tuna. Na yi magana da baki. Na rubuta sanarwa na manna. Har salatif na naɗe wayar da shi, washegari na tarar an ɓare shi a tsanake an liƙa mini a jikin ƙofa, wai kada ya ɓata. Ban ambaci sunan kowa ba, domin dukkansu abokan aikina ne, wasunsu ma ni na koyar da su.

4. Ranar Juma'a, 30 ga Mayu, kwamitin ya zauna, aka sha shayi, aka watse hutun mako guda. Ba a tuna ba. Firijin ya yi hutun tare da mu, a gefen tagar da rana ke duka tun safe.

5. Ranar Litinin, 9 ga Yuni, aka yi jarrabawar. Bisa ƙa'ida, malamin darasi ba ya shiga ɗakin, don haka ban san abin da ake ciki ba. Ɗalibai suka zuba amilez, suka zura wa kwalabe ido. Shuɗi ya yi zamansa daram. Anti ta ɗaga hannu ta sanar da mai sa ido, ya ce mata shi agogo aka ba shi ya duba. Ta sake gwajin daga farko, har ila yau shiru. Sai ta rubuta cewa launi bai canza ba, ta ƙara da cewa tana zaton inzayim ɗin ya lalace. Sauran 'yan ajin kuwa, kaf ɗinsu, suka rubuta abin da littafi ya ce zai faru, har da zane mai kyau na yadda shuɗin ya yi ta raguwa minti bayan minti.

6. Washegari na buɗe firijin, ɗumi da tsami suka dake ni a fuska. Na gwada ragowar da ke kwalbar a gaban Shugaban Sashe. Ko gezau sitacin bai yi ba. Ya kaɗa kai, ya ce lallai abin bai yi daɗi ba, in ga jami'in jarrabawa. Jami'in jarrabawa ya ce mai duba takardu ya bi amsar da aka tanada, kuma amsar ta ce launi zai ɓace. Mai duba takardu ya ce an riga an shigar da maki a kwamfuta, hannunsa ya fita. Na koma wurin Shugaban Sashe, aka ce ya tafi taro. Haka aka yi ta yawo da ni fiye da wata guda, kowa da fara'arsa, kowa yana tambayata ya jiki.

7. Ba na neman a hukunta sauran yaran. Tsoro ne ya kama su, kuma sun karanci makarantar da suke ciki fiye da yadda na karance ta. Abin da ke ci mini rai shi ne, makon jiya Anti ta zo ofishina da jaririnta a baya. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi mijinta ya ce ta haƙura da karatun haka nan, ta tambaye ni ko akwai inda ta yi kuskure, don ta sani kafin ta tafi. Wallahi, ranka ya daɗe, sai na tsinci kaina ina gyara takardun da ke kan teburina, na kasa haɗa ido da ita.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon abubuwa kamar haka. A dakatar da takardar sallamar kafin ranar 25. A sake wa ajin gaba ɗaya gwajin da inzayim mai rai. In an ce sashe ba shi da halin sayen sabo, amilez yana nan cikin yawun kowane ɗan Adam kyauta, kuma na ɗauki alkawarin bayar da nawa. Sannan a taimaka a gyara wa kwamiti soket ɗinsu, su sha shayinsu lafiya.

In kuwa duk wannan ba zai yiwu ba, to ina da roƙo guda na ƙarshe. Tun da na fara koyarwa, ranar farko da sababbin ɗalibai suka shigo ɗakin gwaji, jimla ɗaya nake rubutawa a allo kafin in faɗa musu ko sunana: ku rubuta abin da kuka gani. Anti ta kwafe ta bara, ta sake kwafe ta bana, ta kuma yi aiki da ita. Sababbi za su shigo a watan Oktoba. In an sallame ta, ina roƙon ofishinka ya aiko mini a rubuce da abin da zan sa a allon a madadinta, domin ni dai hannuna ba zai iya sake rubuta waccan ba.

Allah ya ƙara girma, ya yi maka jagora. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)

Malamin darasin gwaji na aji ɗaya,
wanda ɗalibai ke kira Baba Aidin.