Johann Biyu a Gidan Conrad

Goshen, Indiana
3 ga Maris, 1986

Zuwa ga ɗiyata Marcy,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan karatu yana tafiya daidai, sanyin Reading kuma bai hana ki zuwa aji ba.

Kin tambaye ni ko da gaske mu jikokin mai gudu ne. Bari in fara da kuskuren da kusan kowa yake yi in ya buɗe takardun kakanninmu da suka zo daga Jamus: a ga sunan farko a ɗauka shi ne sunan mutum. Ba haka ba ne. Gida ɗaya sai ki tarar da 'ya'ya maza biyar, kowa Johann. Wannan sunan coci ne. Na biyun shi ne wanda uwa take ƙwala wa yaro idan abinci ya sauka.

Labarin gidanmu kin san shi. Tsoho Conrad Lindemuth ya sauka daga jirgin ruwa a 1752, ya sare daji ya yi gonarmu ta Oley. A wasiyyarsa ya ce ɗansa John, wanda ya tafi ya bar shi kwance, shilin ɗaya ne rabonsa. A bangon Littafi Mai Tsarki na gida kuwa an rubuta cewa kakanmu shi ne Johann, haifaffen 1761. John kuwa shi ne Johann a Ingilishi, daga nan Baba ya haɗa lissafinsa. Ranar da mahaifinki Russell ya ce ba zai yi noma ba, ina tsaye Baba ya ce masa, "Je ka, a jini yake." Shekara goma sha ɗaya ke nan ba su yi magana ba.

Za a yi wa Baba aikin zuciya ranar sha biyu ga Mayu, kuma ya ce kada a faɗa wa Russell. Shekarunsa saba'in da tara, Marcy.

Shekara ashirin ina koyar da Jamusanci, ina faɗa wa 'ya'yan mutane wannan al'ada ta suna, ban taɓa gwada ta a gidanmu ba. Tsoro nake ji in duba in tarar Baba ne da gaskiya. Ke ce kusa. Je ki kotu, ofishin wasiyyoyi, ki ce a ba ki ta Conrad gaba ɗaya, don shafi ɗaya kawai muke da shi a gida. Daga nan ki wuce tsohon cocinmu na kan tudu, ki nemi littafin baftisma. Ki tafi da fensir, ba sa son biro kusa da shi.

Taki har kullum,
Gwaggo Verna

Reading
21 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na je.

Wasiyyar shafi uku ce. Bayan layin shilin ɗin akwai wani: "Ɗana George, wanda shekara shida yana ɗauke ni daga gado zuwa bakin murhu bai taɓa ɓata fuska ba, shi na bar wa gona da gida da agogon bango." Na karanta sau uku. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko lafiya.

A coci kuma wata Misis Hoch ce mai riƙe da mabuɗi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce hancina na Lindemuth ne, ba sai na nuna katin shaida ba. Rubutun littafin kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Wuni guda na yi da jadawalin haruffan da kika aiko kafin na gane cewa abin da nake ɗauka f ashe s ne. Ga abin da na samo:

1761, Johann Georg, ɗan Conrad.
1764, Johannes, ɗan Conrad.

Gwaggo, namu na 1761 ne. George ne! Magatakardan kotu Ingilishi yake rubutawa, ya sa wa kowa sunan da ake kiransa da shi: Georg ya zama George, Johannes na 1764 ya zama John mai gudu. Wanda ya cika bangon littafin gida kuma ya kwafi sunan farko ya tsaya.

Ranar Lahadi na kai wa Kaka. Na same shi a kicin yana shafa man tuffa a burodi. Ya sa tabarau ya karanta. Na ɗauka zai yi murna. Sai ya ninke takardar ya miƙo mini.

"To, madalla, 'yar boko," in ji shi. "Da ina yi wa ubanki uzuri da jini. Yanzu ashe shi ya fara."

Na fito na zauna cikin mota na yi kuka. Gyara na je yi, na ƙara ɓatawa. Me zan yi?

Ɗiyarki,
Marcy

Goshen
29 ga Maris

Ɗiyata,

Gaisuwa da jinjina. Share hawayenki. Ɗalibaina na ajin ƙarshe sai sun yi wata uku kafin su karanta layi ɗaya na wannan rubutu, ke kin yi a wuni guda. Maganar Baba kuwa na san ta. Haka yake yi in abu ya taɓa shi, sai ya kai cizo.

Ni George nake ta tunani. Shekara shida! Ki tuna matakalar gidanmu na Oley da ko kwando ba ya wucewa sai an karkata shi. Shekara ɗari biyu muna zaune a gonarsa, muna duba lokaci a agogonsa, muna kiransa da laifin ƙanensa.

Amma aikinki bai ƙare ba. Wasiyya tana faɗin abin da ke zuciyar mutum ɗaya ne a rana ɗaya. Littafin coci shi yake bin mutane shekara da shekaru. Conrad ya rasu a 1794. Koma ki duba baftismar 'ya'yan George daga wannan shekara zuwa gaba. Kada ki tsaya a sunan jariri da iyaye. Bi layin da yatsa har ƙarshen shafi ta dama, inda ake rubuta wanda ya tsaya wa jaririn a gaban fasto. Mutanenmu ba sa ba da wannan matsayi ga kowa, sai wanda suka yarda ya riƙe musu ɗa in sun mutu, kuma yawanci sunansa ake sa wa yaron.

Ban san abin da za ki gani ba, wataƙila ba komai. Duk da haka ki je. Ki gaishe mini da Misis Hoch, ki ce mata har yanzu ina tuna rankwashin da ta yi mini a makarantar Lahadi.

Taki,
Gwaggo Verna

Reading
14 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, Misis Hoch ma tana gaishe ki, ta ce rankwashin bai isa ba.

Watan Yuni, 1796. Jariri: Johannes. Uba: Johann Georg Lindemuth. A ƙarshen layi, wanda ya tsaya masa: Johannes Lindemuth, ƙanen uban. A gefe fasto ya ƙara kalma biyu da ƙananan haruffa, kamar ba ya so ya cika wuri. Ni da Misis Hoch muka yi ta juya gilashin ƙara girma har muka karanta: "ya dawo."

Shekara biyu ke nan da binne Conrad. George yana da gona, yana da wasiyya a hannu, yana da ciwon bayan shekara shida. Ba wanda zai ga laifinsa da ya rufe ƙofa. Sai ya ɗauki ɗansa na fari ya sa a hannun mutumin, ya kuma ba yaron sunansa. Na bi layin zuwa ƙasa, Gwaggo. Wannan jaririn shi ne kakan kakan Kaka.

Wannan karon ban kai masa takarda ba. Na ce ya sa riga, coci za mu. Ya yi ta mita a hanya, wai man motar ma asara ne. Misis Hoch ta buɗe masa shafin ta ce, "Elwood, wanke hannunka tukuna, ba garma ba ce." Ya wanke. Ya bi layin da yatsa a hankali yana motsa leɓe, don Jamusancinsa na baki ne, ba na takarda ba. Da ya kai ƙarshe ya tambaye ni ko shi tsohon ya ga dawowar. Na ce a'a, ya riga ya rasu.

"Shekara biyu," in ji shi. "Wawa."

Ban san da wa yake ba, uban ko ɗan, ban kuma tambaya ba. A hanyar komawa ya ce in tsaya a gidan waya zai sayi kan sarki. Guda ɗaya ya saya. Da na sauke shi ya ce in rubuta masa adireshin Babana a bayan ambulan ɗin irin shuka, da manyan haruffa.

Saura mako huɗu a yi aikin. Ki sa mu a addu'a.

Ɗiyarki,
Marcy

Oley
16 ga Afrilu

Russell,

Ina gaisuwa. Da fatan kana lafiya, kai da matarka Joyce.

'Yarka ta fi mu duka kai. Ta tono wani abu a littafin coci, shafi na tamanin da huɗu. Abin da na faɗa maka a bakin rumbu game da jini ba haka yake ba. Ba zan iya bayaninsa a takarda ba, kuma idona bai kama ƙananan haruffan da ke gefe da kyau ba. Sun faɗa mini abin da aka rubuta, amma na fi so namiji ɗan gidan ya karanta mini.

Za su buɗe mini ƙirji ranar sha biyu ga Mayu. Misis Hoch tana buɗe coci kowace Asabar da ƙarfe goma. Zo ka duba da idonka. Ka taho da fensir, ba sa son biro.

Agogon bango yana nan yana aiki. Ɗakinka ma yana nan.

Mahaifinka,
Elwood Lindemuth