Haƙorin da Ba Ya Hanya

Litinin, 3 ga Maris

Mun je asibitin haƙori ni da Babana, ɗana mai sunan mahaifina. Tun da ya yi famfara bara, haƙorin da ke kusa da tsagar bai fito ba. Da tsagaggen leɓe da ganɗa aka haife shi, an ɗinke yana jariri, na ɗauka mun gama. Likita ta ɗaga hoton bakinsa a jikin fitila, ta rage murya: babu haƙori a ƙarƙashi, ba a halicce shi da shi ba. Wani kuma yana tsirowa a karkace ta cikin ganɗa. Sai an ɗebo ƙashi daga ƙugunsa an cike dasashin.

Na ce to. Na gode mata ma. Shi yana gefe yana wasa da kujera mai hawa da sauka.

Talata, 4 ga Maris

Da safe ya wage baki kamar kullum. "Umma, ya fito?" Na ce yana hanya. Shekara guda ke nan ina faɗin haka, bakina ya saba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ɗinka hannun riga a baibai a shago. Na farke, na sake. Ban ji haushi ba.

Asabar, 8 ga Maris

Babansa ya ce in gaya masa, wai na fi shi iya magana. Mutumin da ke sayar da tsohuwar mota da zaƙin baki, yau shi ne bai iya magana ba. Yayata ta zo, ta ce ai giɓi ado ne. Ta ci abinci ta tafi.

Laraba, 12 ga Maris

Ba komai. Keke, zare, gida.

Lahadi, 16 ga Maris

An sa ranar yi masa aiki. Dole ya sani kafin nan. Na duba cikina ko akwai tsoro, wayam.

Litinin, 17 ga Maris

Ina ɗaure masa takalmi ya tambaya. Ban ɗago ba na ce, "Babana, ba zai fito ba. Babu shi." Ya tura harshe cikin giɓin. Can ya ce ai ya gani a hoton, wurin baƙi ƙirin ne, kuma ya ji likita. Na ce to me ya sa kake tambayata?

"Na ga kina so ya fito ne, Umma."

Ya ɗauki jakarsa, ya ce kada in bari ya makara.

Da na dawo daga raka shi na shiga banɗaki wanke fuska. Na daɗe, har na makara shago. Ina jin sabulu ne ya shiga mini ido.