Sai da amfilifaya ta ƙone ya tuna ni ce mai haɗawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma kafin wani ya rubuta min "ki yi haƙuri" ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ni matar aure ce a Hausari nan Potiskum, 'ya'yana uku. Babanmu, Allah ya jiƙansa, gyaran rediyo yake yi, da yake bai samu ɗa namiji da wuri ba ni ya zaunar a gefensa, na taso da ƙarfen dalma na liƙa waya a hannu. Bayan aure na ci gaba da abina a cikin gida, ina sayen IC, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da kapasita da sauran tarkace ina haɗa ƙananan amfilifaya, irin na masu talla a mota da makarantun Islamiyya. Maigidana yana da shagon kayan lantarki, shi yake sayarwa, duk wanda ya tambaya sai ya ce shi ya haɗa. Wai mutane ba za su sayi aikin mace ba, kuma ba ya son sunana a bakin maza. Na ce to, ban taɓa ɗaga maganar ba.

Ni aikina da ƙa'ida. IC ɗin da nake sawa batirin mota ɗaya yake so, volt sha biyu, in ka wuce sha takwas ka ja masa mutuwa. Ina sa fiyus a kan jar waya, ina sa dayod saboda masu juya kan batir, wayar da ke ɗauko murya daga mayik kuwa mai riga nake sawa, in nisanta ta da wayar wuta don kar sifika ta riƙa gurnani. Maigida kuma kullum ƙorafinsa nawa ba sa ƙara kamar na kanti, wai ina ɓata kaya a kan abin da ba mai gani.

Watan jiya wani dattijo daga Nangere, mai tallan maganin dabbobi ranar kasuwar shanu, ya zo shago yana son amfilifayar da za a ji shi da ita daga nesa. Maigida ya shigo ya ɗauki wadda na gama, na ce masa batir ɗaya fa, ya ce ya ji. Ashe da ya fita jera batir biyu ya yi, ya ɗura mata ashirin da huɗu, da ya ƙure murya fiyus ya tsinke sai ya cire shi ya ɗaure wurin da waya. A shago ta yi ƙara kowa ya yaba. A tsakiyar kasuwa IC ya fashe, waya ta kama da wuta a cikin mota, dattijon ya kai hannu zai fizge, tafinsa ya ƙone, kujerar gaba ma ta tafi.

Da la'asar dattijon ya zo ƙofar gidanmu da 'yan uwansa, ina tsakar gida ina jin hayaniya a zaure. Da kunnena na ji maigida yana cewa, "Baba wallahi ba ni na haɗa ba, iyalina ce take yi a gida, kun san aikin mata."

Jama'a, shekara da shekaru ana yabo bai taɓa cewa iyalina ba, sai ranar da aka zo da hannu a naɗe. Na zura hijabi na fita, na durƙusa na gaida dattijon na yi masa sannu, na ce a miƙo min amfilifayar. Na buɗe a gabansu. Na ce, "Baba ni na haɗa, gaskiya ne, amma wannan ɗaurin ba nawa ba ne, nan fiyus na sa. Batir nawa aka haɗa maka?" Ya ce biyu. Nan kowa ya gane aikin maigida ne. Na haɗa wa dattijon sabuwa, yanzu haka da ita yake talla.

Tun ranar maigida ba ya cin abincina, ya kai ƙarata wajen Iyarmu wai na tona masa asiri gaban baƙi. Iya ta ce mace rufin asirin mijinta ce, da na yi shiru na ɗauki laifin da tuni an wuce wurin. Na ce mata fita zaure ba izini na yarda kuskure ne, zan ba shi haƙuri a kai, amma in amsa cewa ni na ƙona bawan Allah, wallahi ba zan yi ba.

Yanzu labari ya bazu, mutane na turo matansu har cikin gida da aiki. Shi kuma ya ba ni zaɓi, ko in koma yadda muke ya riƙa sayarwa da sunansa, ko in tattara kayan in daina gaba ɗaya. Na ce ko ɗaya ba na so, zan yi aikina a ɗakina da sunana, in yana so ya sayar amma kar ya sake taɓa wayata. Ba mugun mutum ba ne, bai taɓa barin mu da yunwa ba, kuma ba na son aurena ya mutu. To ku faɗa min, ta ina zan ɓullo masa? Wa zan sa ya yi masa magana ya ji? Maza musamman ku nake son ji, in ƙanwarka ce aka yi wa haka, me za ka ce mata?