Shatin Yatsa a Hanyar Haske

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da amaryata mai sababbin haƙora. Ni lafiya lau, sai gwiwa da ke riga kowa gaishe ni da safe.

Kin ce in daina zuwa ɗakin bincike tunda na yi ritaya, Mamanki kuma ta rasu. Na so in ji maganarki. To, ɗalibarta ce ta kira ni, wadda kike ce wa Gaggawa, wai in zo in ga wani abu.

Kin san aikinmu, ko da yake barci yake sa ki. Ɗan gilashi ne kamar farce, an yi masa rufi bisa rufi, yadda in an harba haske ba ya nutsewa, ba ya tashi, sai ya bi fuskar yana malala kamar ruwa a kan siminti. A hanyarsa Mamanki ke ɗora wani falle da take ɓarowa da salatif, kaurinsa ƙwayar zarra. Haske ya shafe shi, shi kuma ya amsa da jan haskensa. Burinmu wata rana haske ya riƙa kai saƙo cikin na'urori maimakon lantarki. Sai dai hasken nan ɗan tsegumi ne, duk abin da ya taɓa fuskar sai ya tona shi.

Gaggawa ta kunna leza, na'urar da ke harba hasken, na dubi allo. Kafin hasken ya kai ga fallen, sai ya watse a gefe, layi-layi, a lanƙwashe. Shatin babban yatsa ne, Auta, da tabon wuƙar nan da ya raba shi biyu. Na san yatsan.

Ki shafa mini kan amarya.
Babanki

Autata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar gida. Na ji kukanki a waya, shi ya sa na koma ga takarda.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Mamanki ba ta taɓa gilashi sai da safar hannu. Ni kaina ta taɓa korata waje saboda na sosa hanci. To me ya sa ta cire?

Kin tuna kofunan da suka riƙa faɗuwa daga hannunta, tana zagin masu yin kofi? Yatsunta ne suka daina ji. Ta cire safar don ta ji gefen gilashin, ba ta gaya wa kowa ba. Gilashin nan shi ne na ƙarshe da ta yi.

Kullum da hantsi nakan je. In leza a kashe take, ba komai, fes. In an kunna, ga ta. Har na fara yin sallama in na shiga.

Matsalar ita ce gilashin nan kaɗai ya fito daidai, kuma da shi Gaggawa za ta kammala digirinta. Muddin shatin yana nan, haske ba zai isa ba. Dole a wanke. Yarinyar da ba ta iya jiran shayi ya huce, ga shi ta kasa buɗe baki ta roƙe ni. Ta ɗauki hotuna, amma hoto ba ya zuwa in an kira shi.

Babanki

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

An wanke. Ni na wanke, ban yarda wani ya yi ba. Kafin nan na cire safata, na ɗora yatsana daidai inda ta ɗora nata. Na daɗe ina jiran a kore ni.

Sannan na zuba sinadari, ya tafi da mu biyun. Gaggawa ta ɗora sabon falle, ta kunna. Hasken ya miƙe sambal, bai tsaya gaishe da kowa ba, fallen ya amsa jawur. Ta yi tsalle, ta tuna, ta rufe baki. Na ce ta ƙarasa tsallenta, abin da Mamanki ta nema ke nan.

Na leƙa gefen nan sau ɗaya. Baƙi wuluk.

Ki gyara mini ɗakin da kika daɗe kina yi mini tayi. Kofunan da suka tsira zan taho da su. Akwai guda a bayan kabad da ban wanke ba tun da Mamanki ta riƙe shi. Kada ki taɓa mini shi.

Naki har kullum,
Babanki